Tantance Tsofaffin Sulalla: Idon Mai Su ko Hatimin Kamfani?

Duk wanda ya gāji gwangwanin tsofaffin kuɗi, ko ya fara sayensu ɗaiɗai a hannun dillalan kayan tarihi irin na Kasuwar Kurmi, ba ya daɗewa sai ya gane cewa shekarar da aka buga kwandala ba ita kaɗai ke sa mata farashi ba. Za a iya ajiye sulalla guda biyu na 1913, azurfa ɗaya, gidan bugu ɗaya, amma ɗaya ba zai wuce kuɗin azurfar jikinsa ba, ɗayan kuwa ya ninka shi sau da yawa, don kawai wancan ya sha hannu wannan bai sha ba. Saboda haka mai tara sulalla yana da zaɓi a gabansa: ko dai ya koyi auna lafiyar jikin kwandala da idonsa, ya yi ciniki da kalmomin da dillalan Ingila da Faransa suka saba da su, ko kuma ya biya kamfanin tantancewa na Amurka ya ba ta lamba, ya rufe ta cikin kwanson roba. Kowace hanya tana da wurin da take biya da wurin da take jawo asara.

Ko wace hanya aka bi, abubuwan da ake dubawa ba sa canzawa. Na farko shi ne zaizaya, wato yadda yawo daga hannu zuwa hannu ya cinye wuraren da suka fi tudu a zanen. Na biyu shi ne ƙarfin bugu, domin akwai kwandalar da ta fito daga inji zanenta bai cika ba tun asali, kuma sabon shiga yakan ɗauki raunin bugu a matsayin zaizaya, ya rage wa kayansa daraja da kansa. Sai tabo, wato karce, lotsawa a baki, da tsatsa. Na ƙarshe kuma, wanda ya fi wuyar koyo, shi ne sheƙin asali. Lokacin da hatimin ƙarfe ya danne kwandala, ƙarfen jikinta yakan malala daga tsakiya zuwa baki ya bar wasu siraran layuka da ido ba ya gani, kuma su ne ke sa haske ya riƙa zagayawa a fuskarta idan aka karkata ta a ƙarƙashin fitila. Sheƙin nan kamar na sabuwar shadda yake: da zarar ta ga ruwa, ko an kai ta wurin masu bugu ta dawo tana walƙiya, wanda ya san kaya ba zai ce sabuwa ce ba. Ƙyallin da goga ke bayarwa a tsaye yake, ba ya zagayawa, kuma duk mai tantancewa yana raba su a kallo ɗaya.

Sulen azurfa na Afirka ta Yamma ta Ingila, wanda Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ta fara fitarwa a 1913, ya isa misali. A fuskarsa akwai Sarki George na Biyar sanye da kambi, a bayansa kuma bishiyar kwakwar manja. Wurin da ke fara gogewa shi ne ɗaurin kambin da duwatsun adon da ke jere a kansa, sannan gashin baki da gemu, sannan tsakiyar ganyen kwakwa. Idan kowane dutsen ado yana tsaye daban kuma sheƙi na nan a tsakanin haruffa, sulen yana sama sosai. Idan duwatsun tsakiya sun haɗe sun zama shafaffen layi amma sauran zanen a fili yake, ya sauko tsakiya. Idan kambin ya zama inuwa kawai, sai dai a ajiye shi don tarihi ko don azurfarsa. Kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini masu huji ba su da hoton sarki, don haka a kansu ake duba kambin da ke saman hujin, da layukan tauraro mai tsini shida, da kaifin rubutun Larabcin da ke ƙasa.

Ma'aunin Ingila na kalmomi ne, kuma matakansa ba su da yawa. Kwandalar da ta sha yawo amma babban zanenta na nan ana ce mata F. Wadda zaizaya ta taɓa wuraren tudu kawai ita ce VF. Wadda sai an lura da kyau za a ga alamar yawo a jikinta ita ce EF, sai kuma UNC ga wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Tsakanin waɗannan dillali yakan ƙara kalma ɗaya da ke nufin "ta ɗan fi" ko "ta kusa", sannan ya rubuta jimla guda da ke bayyana aibi ko kyau, misali cewa akwai ƙaramar lotsawa a baki ko launinta ya dafe da kyau. Haka gidajen gwanjon Landan irin su Spink da Noonans suke kwatanta yawancin kayansu. Faransawa ma tsarinsu ke nan da nasu haruffa, daga ƙasa zuwa sama B, TB, TTB, SUP, SPL da FDC, kuma mai tara kuɗin Afirka ta Yamma ta Faransa a Maraɗi ko Damagaram, irin faran-faran na alminiyam masu kan barewa na 1948, da su zai fi cin karo.

Ma'aunin Amurka kuwa na lamba ne, daga 1 zuwa 70. Wani likita mai suna William Sheldon ne ya ƙirƙiro shi a 1949 don manyan kwabban jan ƙarfe na farkon Amurka, kuma tunaninsa a lokacin shi ne lambar ta nuna ninkin farashi, wato mai lamba 70 ta ninka mai lamba 1 sau saba'in. Wannan lissafi ya daɗe da rushewa, amma lambobin sun zauna, kuma ƙungiyar masu tara sulalla ta Amurka ta karɓe su ga dukkan kuɗin ƙarfe a shekarun 1970. Ba kowace lamba ake amfani da ita ba. F tana da 12 da 15, VF tana da 20 zuwa 35, XF, wato yadda Amurkawa ke rubuta EF, tana da 40 da 45, sai wani mataki da Ingilawa ba su da shi, AU, wato wadda ta kusa zama sabuwa, mai 50, 53, 55 da 58. Daga 60 zuwa 70 kuwa, inda ake rubuta MS ga wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba, kowace lamba mataki ce mai zaman kanta, kuma a nan ne kuɗi ke tsalle: tsakanin 63 da 65 farashi na iya ninkawa, alhali bambancin bai wuce 'yan ƙananan tabo da kwandaloli suka yi wa juna a cikin buhun banki ba.

Akwai tarko a nan wanda ya kamata mai saye ta intanet ya sani. Haruffan kusan iri ɗaya ne, amma ma'anarsu ta bambanta, domin Ingilawa sun fi tsanani. Abin da dillalin Landan mai tsantseni zai kira VF yakan samu XF a hannun Amurkawa, abin da ya kira EF kuma yakan fito AU 55 ko 58, wani lokaci ma har ya tsallaka 60. Wanda ya ga farashin EF a kundin gwanjon Ingila ya je ya biya shi a kan kwanson da aka rubuta XF 40, ya biya kuɗin abin da bai samu ba. A ganina, ga wanda ke farawa, ma'aunin kalmomi ya fi amfani nesa ba kusa ba, domin matakai huɗu ko biyar abu ne da ido zai iya riƙewa bayan ya jera kwandaloli iri ɗaya ya kwatanta, kuma kusan duk abin da ke fitowa daga adakar kakanni yana tsakanin F da EF ne, inda rarrabe 25 da 30 ba ya ƙara ko sisi.

Manyan kamfanonin tantancewa biyu ne. PCGS an kafa shi a 1986 a Kalifoniya, NGC kuma a 1987, kuma hedkwatarsa yanzu tana Sarasota a jihar Fulorida. Aikinsu iri ɗaya ne: ƙwararru fiye da ɗaya su duba kwandala ba tare da sanin mai ita ba, su tabbatar ba jabu ba ce, su ba ta lamba, a rufe ta a kwanson roba mai ɗauke da lambar rajista da kowa zai iya bincikawa a shafinsu. Abin da mutum ke saye da kuɗinsa a zahiri amana ce. Mai saye a Amurka ko Jamus bai san mai sayarwa a Kano ba, ba zai riƙe kwandalar a hannu ba, kuma hoto yana ɓoye goga. Kwanson yana cire masa wannan fargaba, musamman da yake kamfanonin biyu suna da alkawarin biyan diyya idan abin da suka tabbatar ya zamo jabu. Ƙari a kan haka, kwanson yana kare kwandala daga yatsu da faɗuwa, ko da yake ba ya hana iska shiga ɗari bisa ɗari.

Sai dai amanar tana da tsada. Dole mutum ya zama memba mai biyan kuɗin shekara, ko ya bi ta hannun dillalin da suka amince da shi. Akwai kuɗin tantance kowace ƙwaya, wanda ke hawa da darajarta, akwai kuɗin karɓar kaya, akwai inshora da kuɗin aikawa zuwa da dawowa, kuma ofisoshinsu mafi kusa da mu suna Turai: PCGS a Paris, NGC a Landan da Munich. Idan aka haɗa duka, kowace kwandala takan ci dalolin Amurka gommai, a biya da kuɗin waje, a kuma jira makonni ko watanni. Lissafin da ya kamata a yi kafin a ɗaure kaya mai sauƙi ne. A nemo abin da irin wannan kwandala ta yi a gwanjon baya-bayan nan ba tare da kwanso ba, a nemo abin da ta yi cikin kwanso a matakin da ake zaton za ta samu, sannan a sauko mataki ɗaya ƙasa da zaton, domin mai kaya kullum yana ganin kayansa sama da yadda suke. Idan ratar ba ta biya kuɗin aikin ta bar riba ba, aikawa asara ce. Wannan lissafi kansa yana nuna cewa hanyoyin biyu ba kishiyoyi ba ne sosai, tunda wanda bai iya auna kwandala da idonsa ba ba zai san wadda ta cancanci aikawa ba.

Babban abin da ke karya gwiwar masu aikawa daga ƙasashenmu shi ne kwandalar ta dawo babu lamba kwata-kwata. Idan an goge ta, ko an huda, ko an liƙa mata kunne, ko tsatsa ta ci ta, kamfanin zai rufe ta ya tabbatar ta gaske ce, amma maimakon lamba sai ya rubuta matakin zanenta da kalmar "Details" tare da sunan aibin. PCGS har lambobi gare shi na aibobi: 92 na wanki, 95 na karce, 97 na ɓarnar yanayi, 98 na lahani. Irin wannan kwanso yana sayuwa ƙasa sosai da mai lamba, kuma aibin da wataƙila mai saye zai yi haƙuri da shi yanzu ya zama rubutacce. Tarihin sulalla a hannun mutanenmu kuwa tarihin waɗannan aibobi ne. An yi ado da su a kitso da wuya, maƙeran fari sun liƙa musu kunne sun mai da su zobe da abin wuya, an binne su cikin tukunya a ƙasa mai laima, an saka aninai a ƙusar rufin kwano. Wanda ya tsira daga duk wannan sai ya faɗa hannun magaji mai kyakkyawar niyya, ya ga ya yi baƙi, ya kawo toka da lemun tsami ko tsamiya, ko ya sa masa Brasso da soson waya. Minti biyar na wannan aiki yana share sheƙin da ya shekara ɗari, ya bar siraran karce masu tafiya gefe ɗaya waɗanda ke bayyana da zarar an karkata kwandalar a haske. Baƙin da azurfa ke yi da tsufa ba datti ba ne a wurin masu saye, sau da yawa ma ado ne da ake ƙara kuɗi a kansa. Hujin da gidan bugu ya yi wa kwabo da anini ba aibi ba ne, amma hujin da aka yi wa sule ko fataka (sule biyu) da ƙusa ya gama da shi a wannan kasuwa.

Wasu misalai za su nuna inda layin yake. Kwabo, ɗari da anini na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas suna ruɗar mutane da yawa, domin an san ya sauka daga mulki a cikin shekarar da ya hau, kuma Ingila kanta ba ta saki kuɗi da sunansa ba. Amma na Afirka ta Yamma an buga su miliyoyi, mutane kuma sun ɓoye su tun a lokacin, don haka ko sababbinsu ba su da wuyar samu, kuma wanda ya sha yawo bai cancanci kuɗin aikawa ba. Haka liyari, babbar azurfar Maria Theresa da fatake suka shigo da ita ta Sahara. Kusan kowace tana ɗauke da 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu, saboda an ci gaba da buga ta da wannan shekara a Vienna da wasu birane har da Landan da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi. Abin da liyarin gama-gari ke buƙata sikeli ne, a ga ko ta kai giram 28 da ɗigo kaɗan, tunda darajarta tana bin azurfarta mai tsarkin kashi 83 da ɗoriya cikin ɗari. Sulallan Tarayyar Nijeriya na 1959 da kwabban 1973 su ma suna nan birjik.

A ɗaya gefen akwai waɗanda kwanso ke yi wa rana. Anini na alminiyam na 1907 da 1908, wanda yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka kashe a duniya, bai jure yanayinmu ba, har aka sauya ƙarfensa a 1908, saboda haka wanda ya tsira da santsinsa babu cin tsatsa abin nema ne. Taro, sisi, sule da fataka na azurfa daga 1913 zuwa 1920 waɗanda sheƙinsu ke zagayawa cikakke su ma sun cancanta. Sai waɗanda aka yi kuskuren haɗa hatimi wajen bugunsu, kamar kwabon 1956 mai ɗauke da sunan George na Shida wanda ya rasu tun 1952, domin irin wannan ba mai biyan kuɗinsa sai ƙwararre ya tabbatar. Ƙaramin harafin gidan bugu ma yana iya sauya lissafi: H na Heaton ne, KN na King's Norton, dukansu a Birmingham, SA na Pretoria, wanda babu harafi kuma na gidan bugun gwamnati ne a Landan, kuma a wasu shekaru ɗaya daga cikinsu ya fi sauran ƙaranci ƙwarai. Ga kwabban tagulla da aka fara bugawa daga 1952 akwai ƙarin harafi na launi, RD ga wanda jansa na asali ke nan, RB ga mai rabi da rabi, BN ga wanda ya koma ruwan ƙasa, kuma laimar damina tana iya sauko da RD zuwa RB ko a cikin kwanso.

Idan an yanke shawarar aikawa, wanne za a zaɓa tsakanin kamfanonin biyu? Masu tara sulalla suna yawan musu a kan wannan, amma ga kuɗin Afirka ta Yamma ban ga bambancin da ya kai girman musun ba. Ma'auninsu ɗaya ne, dukansu suna ƙara alamar + ga wadda ta kusa mataki na gaba, kuma manyan gidajen gwanjo irin su Heritage suna karɓar duka biyun. Sanannen ra'ayi a kasuwa shi ne kwanson PCGS ya fi ɗan jan kuɗi a kan tsofaffin kuɗin Amurka, NGC kuma ya fi yawa a kuɗin sauran duniya. NGC yana da alamar tauraro ga kwandala mai kyawun gani na musamman, kuma kwansonsa farin ciki gare shi da 'yan yatsu masu riƙe kwandala ta yadda za a ga gefenta, na PCGS kuma garau yake. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne inda za a sayar da kuma hannun da za a bi. Wanda ke da amintaccen mutum a Landan NGC ya fi masa sauƙi, wanda hanyarsa ta Paris ce, kamar yawancin 'yan Nijar, PCGS ya fi masa kusa. Sau da yawa ma abin da ya fi shi ne a miƙa kayan ga gidan gwanjo a bar su su zaɓi wanda za a tantance, tunda sun san masu sayensu. Ƙananan kamfanonin da ke rufe kwandala da araha su ba ta lamba mai tsoka kuwa, kasuwa tana ɗaukar kayansu kamar ba a tantance ba.

Bai kamata a ɗauki lambar kwanso kamar hukuncin alƙali ba. Ra'ayin mutane ne, kuma sananne ne cewa dillalai suna fasa kwanso su sake aika kwandala ɗaya da fatan ta hau mataki, wani lokaci kuma ta hau. Wannan yana ɓata ƙididdigar da kamfanonin ke wallafawa ta yawan abin da suka tantance, domin ƙwaya ɗaya na iya shiga lissafi sau uku. Ga kuɗinmu ma akwai wata matsalar: idan aka ga an rubuta cewa guda biyu kacal aka taɓa tantancewa, sau da yawa ba ƙaranci ba ne, arha ce ta hana mutane aikawa. Sannan akwai jabun kwanso, don haka mai saye ya shigar da lambar rajista a shafin kamfanin, ya kwatanta hoton da ke can da abin da ke gabansa tabo da tabo, domin ɓarayi suna kwafar lambar gaske su manna wa jabu.

Kayan aikin mai dogaro da idonsa ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki biyar zuwa goma, fitila guda mai haske daga wuri ɗaya, sikelin da ke auna ɗigon giram irin na masu zinariya, da ƙyalle mai laushi a kan tebur. Ana riƙe kwandala ta gefe, ba a taɓa fuskarta, a fara kallonta da ido tsirara kafin a ɗauki gilashi. Sikeli yana kama yawancin jabu, tunda sulen azurfa kusan giram 5.66 ne, fataka kuma 11.31, kuma wanda ya zaizaya kaɗan yake ragewa. Jabun zamanin mulkin mallaka, wanda yawansa ya sa aka yi wa sule da fataka tsagi na musamman a gefe daga 1938, yawanci zubi ne ba bugu ba, ana gane shi da ƙananan ramuka a fili, haruffa masu kumburi, da layin haɗi a gefe. Hotunan kowane mataki da kamfanonin biyu suka sa a shafukansu kyauta ne, haka kundin gwanjon da aka gama, kuma da su ake daidaita ido.

Wanda zai fitar da kaya daga Nijeriya ya tuna cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi sai da izini, don haka ya tuntuɓi ofishin hukumar tukuna, musamman a kan abin da aka tono daga ƙasa. Ya ɗauki hoton gaba da bayan kowace ƙwaya, ya rubuta nauyinta, ya sa kowace a gidanta daban don kada su gogi juna a hanya. Waɗanda za su zauna a gida kuma a raba su da leda mai laushi irin ta PVC, wadda ke fitar da wani koren danƙo mai cin ƙarfe idan ta ji zafi, a sa su a ambulan takarda marar sinadari ko gidan roba mai tauri, a cikin akwati da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi da na magani, a riƙa sauya su idan damina ta kama.